Kai, ƙeya, dasashi, cibiya: Darasin farko ga 'ya'yan 'yan kasuwar kan iyaka

Duk wanda ke cin kasuwar Illela ranar Lahadi, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ya san yadda rumfunanmu ke cika da ƙananan yara. Wani yana goye a bayan uwarsa mai sayar da fura, wani yana barci a kan buhun wake, wata 'yar shekara 7 kuma tana rainon ƙanenta a gindin bishiya har a tashi kasuwa. Mu da ke safara tsakanin Nijeriya da Nijar, ko Kamaru da Chadi, mukan koya wa 'ya'yanmu lissafin naira da sefa tun kafin su yi famfara. Yaro ɗan shekara 6 zai iya gaya maka nawa ake canza jika guda ta sefa a yau. Amma ka ce masa ya nuna maka ƙeyarsa, ko kwiɓinsa, ko dasashinsa, sai ka ga ya tsaya yana kallonka.

Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce, idan yaro ya girma ai zai sani. Haka ne, zai sani. Sai dai ciwo ba ya jiran yaro ya girma.

Mun sha ganin irin wannan a ɗakunan shan magani na garuruwan kan iyaka. Uwa ta bar kayanta a hannun maƙwabciya, ta kawo yaro jiki ya yi zafi. Ma'aikacin lafiya ya ce, "Yaro, ina ke maka ciwo?" Yaro ya ce, "Jikina." A juya ga uwa, ita ma ta ce, "Wallahi malam, tun shekaranjiya abin da yake faɗa ke nan." Ga layi ya yi tsawo, ga motar komawa gida tana shirin tashi kafin yamma ta yi. Da a ce yaron nan ya iya cewa, "Ƙeyata ce, ba na iya sunkuyar da kai," da tun shekaranjiya uwar ta san ba zazzaɓin da aka saba ba ne.

Cututtukan da ke sanar da zuwansu

Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jikin yaro ɗakinsa ne, shi ke fara jin yoyon, kuma da yawa daga cututtukan da ke kashe yara a yankinmu suna farawa ne daga wuri ɗaya takamaimai mai suna.

Mu fara da sanƙarau. Arewacin Nijeriya, kudancin Nijar, arewacin Kamaru da Chadi duk suna cikin zirin ƙasashe 26 da wannan cuta ke yawan ɓarkewa, daga Senegal har zuwa Habasha, musamman daga hunturu zuwa ƙarshen bazara. Manyanmu ba za su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya kaɗai, ta kashe fiye da 11,000. An samu sauƙi ƙwarai bayan da aka fara allurar rigakafin MenAfriVac a Nijar a 2010, sannan a Nijeriya a 2011, amma wani nau'in cutar ya sake ɓulla a Nijar a 2015, ya kuma kashe fiye da mutum 1,000 a Nijeriya a ɓarkewar 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i 5 na cutar. Duk da haka ba kowane yaro allurar ta kai wa ba. Alamomin sanƙarau su ne zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin kallon haske da sandarewar wuya, kuma tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Yaron da ya san bambancin kai da wuya da ƙeya zai iya ba iyayensa labari tun da sauran lokaci.

Ta biyu ita ce cutar da likitoci ke kira noma, wadda ba ta da alaƙa da noman gona sai dai kamar suna. Ita ce mai cin naman baki da fuska, kuma ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su samun isasshen abinci, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Daga dasashi take farawa: ya kumbura, ya riƙa jini, baki ya riƙa wari, sannan kunci ya kumbura. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Idan aka bar ta, cikin 'yan kwanaki takan huda kunci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har 9 cikin 10 na yaran da ba a yi wa magani ba suna iya mutuwa. Saboda yawanta a yankinmu ne aka kafa asibitinta na musamman a Sakkwato a 1999, akwai kuma cibiyar kula da masu ita a Damagaram, sannan a Disambar 2023 hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. To, yaya yaro zai ce dasashinsa na ciwo idan bai taɓa jin kalmar ba? Abin da zai ce shi ne ba ya son tuwo, mu kuma mu ce ƙiwa ce.

Sai ciki. A wurin ƙaramin yaro duk abin da ke tsakanin ƙirji da cinya "ciki" ne, alhali wurin likita kowane sashe da ma'anarsa. Ciwon da ya fara a cibiya, bayan wasu sa'o'i ya koma ƙasan ciki ta hannun dama, tare da zazzaɓi da amai, yana iya zama kumburin 'yar hanjin nan da sai an yi tiyata an cire. Ciwon mara tare da zafin fitsari wata magana ce daban, haka ciwon haƙarƙari tare da tari da numfashi sama-sama. Masu 'ya'ya masu sikila kuwa sun fi kowa sanin amfanin yaro ya iya cewa ƙwaurinsa ne, ko ƙugunsa, ko ƙirjinsa, domin ciwon ƙirji ga mai sikila ba a kwana da shi a gida.

Kada a fahimce mu a baibai. Maganar yaro ba ta maye gurbin gwaji da duban likita, kuma ɗan shekara 2 ko 3 yakan nuna cibiya ko da ba nan ne ainihin wurin ba. Amfanin maganarsa shi ne ta tashi iyaye da wuri, ta kuma nuna wa ma'aikacin lafiya inda zai fara dubawa.

Da wane harshe?

Nan ne matsalar mu 'yan kan iyaka ta bambanta da ta sauran jama'a. Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma gidaje da yawa suna da 'ya'ya a ɓangarorin biyu. Wanda ke lakwal a Maraɗi ko Birnin Ƙonni yana koyon sunayen gaɓoɓi da Faransanci, ɗan uwansa da ke firamare a Jibiya ko Illela yana koyo da Turancin Ingilishi. Marasa lafiya ma haka suke ƙetarawa. Mutanen Sakkwato kan je asibitin Galmi da ke Nijar, wanda aka buɗe tun 1950, mutanen Nijar kuma kan zo Sakkwato da Katsina da Kano.

Manufofin gwamnatoci a kan harshe suna ta sauyawa. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a makaranta tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 sabon kundin mulkinta ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Nijeriya ta amince da koyar da 'yan firamare da harshen uwa a 2022, sannan ta soke manufar a Nuwambar 2025, ta koma Ingilishi. Duk yadda aka juya, ba makaranta ce za ta koya wa yaronka mai shekara 2 sunan haɓarsa ba.

Mun ga yara 'yan nazare da suka haddace waƙar nan ta Turanci da ake taɓa kai da kafaɗa da gwiwa, iyaye suna ta murna. Babu laifi. Amma ranar da zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, ba da Turanci zai yi kuka ba, kuma kakarsa da ke jinyarsa ba ta jin Turanci. Shawararmu ita ce a fara da harshen gida har ya zauna daram, sannan a ɗora masa kalmomi kaɗan na harshen da ake yi a inda muke cin kasuwa. Mai zuwa Gaya daga Kamba, ya koya wa ɗansa cewa da Zabarmanci kai shi ne boŋ, ciki gunde, wuya jinde. Mai bin hanyar Mubi ko Garwa ya san cewa da Fulatanci su ne hoore, reedu da daande. Mai zuwa Kusuri da Njamena ya riƙe ras da batun na Larabcin Chadi. Da Faransanci kuwa tête, ventre da cou. Kalma 5 ko 6 sun isa yaron da ciwo ya kama a hannun baƙi ya yi bayanin kansa.

Ko a cikin Hausar ma akwai bambanci. Abin da Bakano ke kira farce, mutanen Sakkwato da Tawa akaifa suke ce masa. Harshe a can halshe ne, ƙafa kuma ƙahwa. Wani ya ce diddige, wani ya ce dunduniya. Yaron kan iyaka ya kamata ya ji duka biyun.

Yadda ake koyarwa ba tare da allo ko littafi ba

Wannan darasi ba ya cin ko sisi, kuma ba ya buƙatar a rufe rumfa. Masana tasowar yara sun nuna cewa mafi yawan yara idan sun kai shekara 2 suna iya nuna aƙalla gaɓoɓi biyu in an tambaye su, tun kafin bakinsu ya buɗe sosai. Saboda haka nuni ke zuwa kafin furuci. A fara da tambayar "Ina hancinka?" ya taɓa, daga baya a koma "Mene ne wannan?" ya faɗa.

Daga shekara 1 zuwa 2 a tsaya kan manya: kai, ido, hanci, baki, kunne, hannu, ƙafa, ciki. Daga 2 zuwa 3 a ƙara wuya, ƙeya, goshi, haɓa, kunci, haƙori, harshe, dasashi, ƙirji, baya, cibiya, gwiwa da yatsu. Daga 4 zuwa sama a shiga kafaɗa, hammata, damtse, gwiwar hannu, wuyan hannu, haƙarƙari, kwiɓi, mara, ƙugu, cinya, ƙwauri, idon sawu, tafin ƙafa da maƙogwaro. Dama da hagu sukan ɗauki lokaci kafin su zauna, kodayake yaranmu suna da sa'a, tunda tun suna rarrafe ake ce musu su karɓi abu da hannun dama. Kada a tsawata wa wanda ya rikice.

Lokacin wanka ya fi kowane lokaci dacewa. Uwa ko yaya ta riƙa faɗin sunan duk inda soso ya taɓa: "Kawo hammata, ɗaga haɓa, bari in wanke maka bayan kunne." Haka lokacin shafa mai da sa tufafi. A gidajen Musulmi alwala kanta darasi ce da ake maimaitawa kullum, domin a cikinta akwai tafin hannu, baki, hanci, fuska, gwiwar hannu, kai, kunne da idon sawu. Uban da ɗansa ke tsugune kusa da shi yana kwaikwayonsa, abin da ya rage masa kawai shi ne ya riƙa kiran sunayen.

Mu 'yan kasuwa ma muna da namu allon. Kakanninmu da jikinsu suke awo kafin zuwan tef da sikeli. Kamu, wanda ake auna yadi da shi, daga gwiwar hannu ne zuwa ƙarshen yatsa. Gaba, wadda ake auna igiya da zurfin rijiya da ita, daga yatsan wannan hannu ne zuwa na wancan idan an buɗe hannuwa. Taku na ƙafa ne. Mai sayar da yadi ya ce wa 'yarsa, "Zo ki auna mini kamu uku, sa gwiwar hannunki a nan," ya koya mata awo, ya koya mata gaɓa. Mai sayar da gwanjo yana da wuyan riga, hannun riga da ƙafar wando. Hatta maganarmu ta yau da kullum cike take da jiki: bakin kasuwa, cikin rumfa, bayan tasha, kan iyaka. Ka tambayi yaro, "Ga bakin buhu, ina naka bakin?" ka ga dariya, kuma ba zai manta ba.

Bayan sunaye sai a koya masa irin ciwon. Zafi yake ji, ko suka, ko murɗa, ko ƙaiƙayi, ko nauyi? A saba masa ya nuna wurin da yatsa ɗaya maimakon ya shafa ko'ina da tafin hannu. Kuma idan ya faɗa, a saurare shi. Yaron da ya ce kunnensa na ciwo aka ce masa "tafi can, ina ciniki," gobe ba zai sake faɗa ba.

Wuraren da ake jin nauyin faɗa

Mun san wannan sashe zai yi wa wasu nauyi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu mutane ne masu kunya, kuma kunya ado ce. Sai dai kunyar da za ta hana yaro sanin sunan wani sashe na jikinsa, mugu kaɗai take amfana.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Nijeriya ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun fuskanci wani nau'i na lalata kafin su kai shekara 18, kuma yawanci daga wanda suka sani ne. A Yunin 2020 gwamnonin Nijeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. Mu da ke tura 'ya'yanmu talla a tashar mota, mu aike su kai abinci sito ko masauƙin direbobi, mu bar su wurin maƙwabta mu yi kwana 3 a hanya, mu ya fi kamata mu tsaya mu yi tunani.

Ba muna cewa a koya wa yaro batsa ba ne. Hausa tana da kalmomi masu tsabta waɗanda malamai ke faɗa a karatu, likitoci ke faɗa a asibiti: al'aura, gaba, mara, ɗuwawu, dubura, ƙirji. A zaɓi waɗannan, a faɗe su da murya irin wadda ake faɗin hanci da kunne, ba tare da dariya ko zare ido ba. Illar sunayen wasa da kowane gida ke ƙirƙira ita ce babu mai gane su sai 'yan gidan. Yarinya za ta iya kai ƙara wurin malamarta ko gwaggonta da irin wannan suna, a yi dariya a wuce, alhali babban abu take faɗa.

Tare da sunan sai a haɗa ƙa'ida mai sauƙi wadda ɗan shekara 3 zai riƙe. Duk inda wando da riga suka rufe naka ne. Ba mai taɓawa ko kallo sai Inna lokacin wanka, ko likita a gaban Inna ko Baba. Duk wanda ya taɓa, ko ya ce ka taɓa nasa, ko ya ba ka alewa ko kuɗi ya ce kada ka faɗa, ka zo ka faɗa, ko wane ne shi, ba za a doke ka ba. Wannan alkawari na ƙarshe shi ne ginshiƙi, kuma dole iyaye su cika shi. Uwa ta yi wa 'ya'ya mata bayani, uba kada ya ce ba ruwansa da maza, domin su ma abin yana shafarsu. Idan kuwa yaro ya faɗi wani abu, a kai shi asibiti nan take, kada a wuce kwana 3, domin akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ba ya aiki sai an fara shi cikin sa'o'i 72.

Kada a manta da 'yan raino

A kasuwanninmu sau da yawa ba uwa ce ke wuni da jariri ba, yayarsa ce 'yar shekara 7 ko 8. Jariri ba ya magana, saboda haka bakin yayarsa shi ne bakinsa. A nuna mata maɗiga, wurin nan mai taushi a tsakiyar kan jariri, a gaya mata idan ya faɗa ciki bayan gudawa ruwan jiki ne ya ƙare, idan kuma ya kumbura ya yi tauri tare da zazzaɓi ta rugo ta faɗa. A nuna mata ƙasan haƙarƙari, a ce idan wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da jariri ya ja numfashi, ba a jira a tashi kasuwa. A koya mata duba tafin hannu da cikin fatar ido, idan sun yi fari fat alamar ƙarancin jini ce, da kuma kumburin bayan ƙafa. Yarinyar da ke iya riƙe cinikin goro na wuni guda ba za ta kasa riƙe waɗannan ba.

Jama'a, kowannenmu ya san sunan kayan da ke rumfarsa ɗaya bayan ɗaya, ya san buhun da ya huje da wanda ƙwari suka shiga. 'Ya'yanmu sun fi kayan nan daraja. Yau idan an tashi kasuwa an koma masauƙi, ka kira ƙaraminka ka ce ya nuna maka ƙeyarsa da dasashinsa da kwiɓinsa. Idan ya nuna, ka sa masa albarka ka ƙara masa uku. Idan bai sani ba, laifin ba nasa ba ne, sai a fara daga wankan gobe da safe. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu kasuwa mai albarka.